Gurbin Mubashir

Maganar ta fara ne da rago. Aka ce Hammadu maƙeri ya kai wa wani hafsa rago, aka cire Mubashir ɗan Na'ibi daga cikin kuratan da za a koya wa kanikanci da walda a soja, aka sa Nuhu ɗan Hammadun. Shi kuwa Mubashir aka miƙa masa bindiga, aka tura shi Saliyo, can ya rasu. Kafin sadakar arba'in ragon ya zama bijimi. Da Shari'a ta kankama a Zamfara, kowa yana tono tsohon haƙƙinsa, sai bijimin ya zama ƙofar ƙarfe mai zanen fure, wadda wai an gani ana ɗorawa a tashar jirgin Kaura.

Malama Ummuhani, ƙanwar Na'ibi, ta daɗe tana shugabancin makarantar firamare kafin ta yi ritaya, kuma yara sun koya mata cewa labarin da ke ƙara ƙiba kullum ba gaskiya ke ciyar da shi ba. Amma wannan karon ta yi shiru. Ita ta raini Mubashir tun rasuwar uwarsa, kuma samun wanda za ta tsana ya rage mata zafi. Tana gani manoma suka daina kai wa Hammadu galma da lauje, tana gani ya kashe wutar maƙerarsa da ke bayan gidansu ya koma Zurmi garin iyayensa, ba ta ce uffan ba.

Sai ranar da Na'ibi ya shigo ɗakinta ya ce zai kai ƙara kotun Shari'a.

"Da wane shaida, Yaya?"

"Gari duka ya sani."

"Gari duka ya san ana hwaɗi. Wa ag ga ƙohwar da idonai? In alƙali yat tambaye ka, ka ce mi? Kai da ka jan salla in Liman ba ya nan, a kama ka da ƙage?"

"Ke dai boko ya ɓata ki. Ko rana anka ce ta hito sai kin leƙa."

"Ka ba ni zuwa bayan kasuwar Shinkahi. In na samo shaida, ni da kaina zan raka ka."

Ranar kasuwa ta shiga mota, kujerar baya inda aka ware wa mata, wata 'yar Badarawa ta ɗora mata kaji a ƙafa har Shinkafi. Wanda take nema Saje Muhtari ne, tsohon soja, wanda ya horar da kuratan shekarar su Mubashir, yanzu yana sayar da tsofaffin tayoyi a bakin tasha. Da ya ji sunanta sai ya miƙe ya ƙame, cikin wasa.

"Malama! Yaron kullum yana maganarki. Ni nik koya mai hagu da dama, ke kin koya mai sauran."

Ta ce ba gaisuwa ta kawo ta ba, ta faɗi abin da ake faɗi. Saje ya yi dariya har ya zauna a kan taya, sannan ya ga fuskarta ya daina.

"Wace ƙohwa? Malama, ji nan. Injin ruwan barikinmu ya mutu, muna shan wuya, kanikawa sun gaza. Yaronki yat tashe shi da waya da gwangwanin madara. Ranar rabon aiki, sunanai anka hwara kira. Yah hito gaban oga yac ce ba ya so, a ba shi bindiga."

"Shi da bakinai?"

"Da bakinai. Nij ja shi bayan ɗaki, nic ce kai wawa, wanga gurbi mutane har azumi su kai su samu. Ka hita soja da sana'a hannunka, kuma mai walda baya ya ka zama, ba shi ka shiga daji hwarko ba. Yac ce, 'Saje, gidanmu ba a yi.' Nic ce gidanku ana mutuwa? Yai murmushi. Na bayanai anka kira, shi ne Nuhu. Har kuka Nuhun yay yi, don ya san wa af fi shi."

Gidanmu ba a yi. Ta juya maganar a cikin mota. Na'ibi ne, ta ce wa kanta, shi da tinƙahonsa na jikan malamai. Ta ji wani sanyi-sanyi na samun wani mai laifin, kuma ta lura da saurin da ta ji shi, abin bai yi mata daɗi ba. Da ɗalibi ne ya kawo mata amsa da wannan saurin, da ta ce ya koma ya sake lissafi. Washegari ta nufi Zurmi.

Ta sami Hammadu a wata rumfar kara, yana dukan bakin fartanya. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya ajiye masaba, ya goge tabarma da hularsa ya shimfiɗa mata, ya yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Wannan ya fi zagi ciwo.

"Na je wurin Saje," ta ce. "Na san ba ka ba kowa komi ba. Abin da ni ka so in sani, wa ac ce ma yaron gidanmu ba a yi? Yayana ne?"

Hammadu ya dubi wuta. "Malama, a bar ma Allah."

"Ban zo Zurmi don a bar ma Allah ba, da can gida nib bar mai. Hwaɗa min."

Ya miƙa hannu cikin kayan aikinsa ya ɗauko wani ƙaramin awartaki, bakinsa ɗan karkatacce, hannunsa ya yi sulɓi don amfani.

"Shi yaƙ ƙera wanga, yana aji biyar. Har yau da shi ni ka kama ƙananan aiki. Ranar da yag gama shi, ranar kinka zo."

Ba ta buƙaci ya ƙarasa ba, amma ya ƙarasa, a hankali, kamar mai cire ƙaya. Ta zo neman yaron da la'asar, ta same shi tsugune yana zuga zugazugi, fuska duk gawayi, yana dariya. Ta ja shi da kunne a gaban mutane. Ta ce jikan malamai ba ya riƙe masaba, in ƙira yake so ya nemi wata uwa, kada ya sake shiga ɗakinta. A gida ta wanke masa hannu da soso har fatar ta yi ja. Ta tuna soson. Shekaru tana gaya wa kanta don ya gudu daga darasi ne ta yi faɗan, alhali ranar Asabar ce, ba makaranta. Ita da ta yi rigima da iyayen gari don ta zaunar da 'ya'yan mahauta da na maƙera a benci ɗaya da 'ya'yan hakimi, ita da ta ba Nuhu monita.

"Da yaz zo hutu kahin su tahi Saliyo," in ji Hammadu, "ya biyo maƙera. Nic ce mai, don mi kaƙ ƙi? Yac ce walda ƙira ce da wutar lantarki, Gwaggo ba ta so."

"Kuma kay yi shiru? Gari ya kore ka, kana riƙe da wagga magana?"

"In tsaya kasuwa in ce ke ce? Kina cikin zaman makoki. Kuma ke kik koya ma Nuhu karatun da yac ci jarrabawar da shi."

Ta so ta ce ya yafe mata, sai ta ga roƙon ma wani aiki ne za ta ɗora masa. Ta tambaye shi ko zai koma Kaura in an kira shi. Ya ce rumfarsa ta can ta faɗi. Ta ce ba rumfa ta tambaya ba. Ya mayar da awartakin wurinsa.

Ta iso gida ana shirin la'asar. Na'ibi yana zaure da mutum biyu da suka yarda su yi masa shaida, ga maƙwabta sun taru ana shan fura. A ƙa'ida kamata ya yi ta sunkuyar da kai ta wuce ciki, ta aika a kira shi. Amma sai ta tsaya a bakin zauren da takalmanta a hannu.

"To, uwar bincike," in ji Na'ibi, "rago ne ko ƙohwa?"

"Hammadu bai ba kowa komi ba. An ba Mubashir gurbin, shi yaƙ ƙi, yaz zaɓi bindiga. Ya ƙi ne don na hana shi ƙira tun yana yaro, nic ce mai in yar riƙe masaba ba ni ba shi."