Ɗaurin Kan Shulan

Shekara takwas Shulan ta yi a hannun Malam Pei, shugaban ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo da waƙa, kafin a bar ta ta buɗe baki gaban jama'a. Kullum da sassafe tana bakin kogi tana kurma ihu don murya ta buɗe, da rana kuma ta riƙe tuta a bayan manyan mawaƙa, ko uffan ba ta cewa. To, ran da babbar mawaƙiyarsu ta kwanta da mura, sai Malam ya kira ta.

"Yau ke za ki fito a sarauniyar yaƙi. In kin yi, kin zauna. In kin ɓata, ki koma wa tutarki har ki yi furfura."

Kuma a birnin Tianjin ne, inda ba a yi wa mawaƙi uzuri. In ya ɓata, da butar shayi 'yan kallo suke jifansa.

Baba Geng, tsohon da ke shirya 'yan wasa, ya jiƙa baƙin ƙyalle ya naɗa mata a goshi, ya ja har girarta ta ɗage sama, sannan ya ɗora kambi mai dogayen gashin tsuntsu biyu.

"Baba, kaina zai fashe!"

"Ya fashe mana. Me ke ciki?"

"Amai nake ji."

"Ga bokiti can. Duk wanda kika ga ana tafa wa, sai da ya gaisa da shi."

Yana ba da baya ta zura yatsa ta sassauta ƙullin. Ɗan kaɗan dai. Nan take duniya ta yi mata daɗi.

Ta fito, mai goge ya ja, ta ɗauki waƙa. A baiti na uku ta ji kambi ya motsa. Kowa a sana'ar nan ya sani, wanda kambinsa ya faɗi a dandamali ya gama yawo, ko da muryarsa ta fi zuma. Hannu kuma babu dama, ɗaya da mashi, ɗaya da bulala.

Sai ta ƙame wuya. Inda aka koya mata ta kaɗa kai gashin ya yi rawa, ta tsaya cak, ido kawai take juyawa. Inda ya kamata ta zabura kan abokin gaba, ta taka a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Mai wasan abokin gabar ya rasa gane kanta, ya ja da baya da gaske. Saboda tsoro muryar ta fito siririya mai kaifi, ta kai har kujerun ƙarshe. Su kuwa 'yan kallo gani suka yi sarauniya ce da ta fi ƙarfin gaggawa.

Wani dattijo ya miƙe da buta a hannu. Shulan ta ce a ranta shi ke nan. Sai ya daka tsawa, "Da kyau!" Ɗaki gaba ɗaya ya ɗauka.

Tana shiga bayan labule kambi ya sulmiyo, Baba Geng ya cafe.

"Ja'ira," ya ce ƙasa-ƙasa. "Shekara arba'in ƙullina bai taɓa kwancewa ba."

Malam Pei ya iso. Ya dubi kambi, ya dube ta.

"Wa ya koya miki wannan tsayuwar?"

"Ba kowa, Malam."

"Na sani. Gobe ma ke ce, kuma haka za ki tsaya. Geng, ka ɗaure min ita da kyau."

"Bar ni da ita, Malam," in ji tsohon yana murza hannu. "Sai ta hango kakanninta."