Tabon Manja a Bayan Riga

An wanke rigar. Shekara sittin da biyar ba ta ga ruwa ba, sai ranar Alhamis da safe Nele Ceulemans ta tarar da ita a shagon Staf mai wanki da guga, rataye cikin leda, fes.

"Sau uku na maimaita ta," in ji Staf, yana shafa tumbinsa. "Sau uku, 'yar nan. Wani zai ce miki irin wannan tabo ba ya fita. Ni kuwa na dubi tabon nan na ce, ko ni ko kai."

Nele ta juya rigar. 'Yar ƙaramar riga ce ta yarinya mai shekara shida, shuɗiya mai ratsin fari. Ta duba bayan, tsakanin kafaɗu. Babu komai. Ta ɗaga ta wajen hasken taga. Babu komai.

"Staf, wa ya ce ka taɓa wannan?"

"Wa ya ce? Ke kika kawo jaka ranar Litinin, kika ce in wanke duka, kina waya da kunne ɗaya kina fita da ƙafa ɗaya. Riguna bakwai na ƙirga, bakwai na wanke. Lafiya? Kin yi fari kamar zanen gado."

Gaskiyarsa. Ita ta jefa rigar cikin jakar da hannunta, tare da tsofaffin rigunan da ta sayo a gwanjo, ranar da gaggawa ta ci kanta. Babu wanda za ta kama. Ta karɓi ledar ta fita, Staf yana kiranta ta dawo ta ɗauki sauran shidan.

A bakin shagon, jikin tashar bas, ga hoton rigar nan an manna, ya fi tsawon mutum. A hoton tabon yana nan: yatsu huɗu da rabin tafi, ruwan ƙasa, sun ja ƙasa kamar an fizge su. Ƙarƙashinsa sunan Nele da manyan baƙaƙe, da lokacin buɗe nunin. Yau, ƙarfe shida na yamma.

Nele ɗinki take yi, amma ba na sawa ba, na kallo. Takan sayi rigunan matan Beljiyam na zamanin kakanni, ta farke su, ta haɗa da atamfar Kwango, har ka rasa inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Shekara goma sha biyar tana abin nan a ƙananan ɗakuna, inda mutum ashirin za su zo su sha giyar kyauta su watse. Ubanta Bature, uwarta rabi Baturiya rabi 'yar Kwango, ita kuwa ta fito da hasken da ke sa a tambaye ta ko daga Sifen take. Wani ɗan jarida ya taɓa rubuta cewa farar mace ce mai aron baƙin cikin wasu tana yin ado da shi. Maganar ta zauna mata a wuya shekara uku. Shi ya sa da babban gidan kayan tarihi ya ba ta zaure guda, ta je garin Oostende ta durƙusa wa uwarta, Godelieve, kan 'yar rigar nan.

Labarin rigar gajere ne. A yankin Kasai na Kwango aka haifi Godelieve, uwarta Mbombo, ubanta wani Baturen kamfani da bai taɓa furta sunanta ba. Ranar da motar mishan ta zo kwasar 'ya'yan Turawa, Mbombo tana tatsar manja. Ta ruga da hannu jage-jage ta damƙi bayan 'yarta, aka ɓamɓare hannun. A gidan mishan yarinyar ta cusa rigar cikin matashinta, ta ce wa sistoci ta ɓata, ta sha duka a kan haka. Daga nan jirgi zuwa Beljiyam, sai gidan wasu ma'aurata a Oostende. Ba hoto, ba wasiƙa, ba kabarin da za a nuna. Tabon nan shi kaɗai ne.

Wata biyu Nele tana roƙo kafin tsohuwar ta buɗe akwati. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: "Kada ruwa ya taɓa ta."

Nele ta hau kekenta. Ba ta yi nisa ba waya ta yi ƙara. Mama. Ta tsaya gefen hanya.

"Ke, ina wajen gyaran gashi," in ji Godelieve. "Matar nan na so ta mai da ni kamar farin kabeji. Jirgin ƙasa na ƙarfe uku da rabi zan hau. Kin ci abinci?"

"Na ci, Mama."

"Ƙarya kike. Muryarki ta wadda ta sha kofi uku ce. Ina 'yar rigata? An sa ta a gilashin?"

Nele ta buɗe baki. Maganar ta taho har kan harshe. Wata babbar mota ta wuce da ƙara, kafin ta gama wucewa maganar ta koma ciki.

"An jima za a sa."

"To ki gaya musu kada su haska mata fitila da yawa. Ba ta saba da mutane ba." Tsohuwar ta yi dariya ta kashe waya.

Ƙarfe biyu Madam Wouters, shugabar sashen tufafi ta gidan tarihin, take jiran rigar. Yanzu goma da kwata. Nele ta tsaya riƙe da keke tana lissafi. In ta kai ta haka, zauren nan duka, riguna ashirin da aka jera suna fuskantar akwatin gilashi guda, zai zama suna kallon wankakken tsumma. Ɗan jaridar nan zai zo. Uwarta kuma za ta zo da sabon gyaran gashi.

Ta juya keke ta nufi shagunan 'yan Afirka na bayan tashar jirgi. Ta sayi kwalbar manja.

Tsufar da yadi sana'arta ce, wannan ba wanda zai koya mata. A ɗakin aikinta ta kulle ƙofa, ta buɗe hoton a kwamfuta, ta ƙara girmansa. Ta dama manja da garin kofi da ɗan toka. Ta gwada a ƙyalle, ya yi ja da yawa. Ta ƙara toka, ta ɗora takarda ta bi da dutsen guga mai zafi, launin ya zauna daidai. Amma siffar ta ƙi. Da buroshi ta fito kamar zane. Da ta danna tafinta a ƙyalle, sai ya fito kamar wasan yara a makaranta.

Sha biyu da rabi ta gane abin. Wancan hannun ba ɗora shi aka yi ba, riƙo ya yi aka ƙwace.

Tana da gunkin ɗinki mai girman yaro, mai taya a ƙasa. Ta sa masa rigar. Ta tsoma hannun dama a kwanon manjan, ta damƙi bayan rigar da ƙarfinta duka, ta sa ƙafa ta hankaɗa gunkin. Ya fizge daga hannunta ya gangara ya bugi bango.

Ta daɗe tsaye da hannu a miƙe, manja na ɗiga daga gwiwar hannunta. Sannan ta je ta duba. Yatsu huɗu da rabin tafi. Ko ita sai da gabanta ya faɗi.

Ta bi tabon da dutsen guga, ta busar, ta sake bi. Hannun ta wanke shi sau biyar, da sabulu, da lemun tsami, amma gefen farcenta ya ƙi barin launin ruwan lemo.

Madam Wouters ta tarbe ta da farin safar hannu. Nele ta miƙa hannu za ta gyara wuyan rigar, matar ta buge shi a hankali.

"A'a, Nele. Ba a taɓawa da hannu tsirara. Maiƙon jikin mutum yana cinye tsohon yadi." Ta sunkuya kan tabon, ta daɗe. "Kai," in ji matar, murya ƙasa-ƙasa. "Na gani a hoto sau ɗari, amma a ido daban ne. Kamar jiya aka yi."

Aka rufe gilashi, aka murɗa makulli.

Biyar da minti goma Godelieve ta sauko daga jirgi, cikin kwat ɗinta mai ruwan toka na zuwa coci, da jaka a maƙale a hammata. Ta sumbaci 'yarta a kumatu sau uku, ta kama hannayenta biyu ta riƙe.

"Dubi yadda kika rame. Gashin fa? Faɗi gaskiya, farin kabeji ko?" Sai ta ɗan tsaya, ta ɗago hannun Nele wajen hancinta. "Manja? Ke? Yaushe kika fara girki, ke da ko ƙwai kika soya sai an kira 'yan kwana-kwana?"

"Wata ƙawata ce ta yi abinci, Mama. Na taya ta."

"Allah ya ba ta haƙuri," in ji tsohuwar, ta saƙala hannu a nata suka tafi.

Zauren ya cika. Mutane da kofunan giya suna zagaya rigunan a hankali, sannan kowa ya ƙare a gaban akwatin gilashin ya yi shiru. Ɗan jaridar yana nan da ɗan littafinsa. Da aka ga Godelieve, aka buɗa mata hanya ba tare da an ce a buɗa ba.

Ta fara tsayawa ta gaban rigar. Ta kalli shuɗin, ta kalli wuyan, inda dā akwai dauɗar wuyan yarinya. Sannan ta zagaya baya. Nele tana gefe tana kallonta. Uwarta ta ciro tabarau ta sa. Ta ɗaga hannu kamar za ta ɗora a gilashin, ta fasa. Ba ta juyo ta dubi fuskar Nele ba. Hannun 'yarta na dama ta duba, wanda Nele ta yi maza ta cusa a aljihu.

Madam Wouters ta buga cokali a jikin kofi. Ta yi magana kan tarihi, kan yaran da aka raba da iyayensu, kan ƙarfin halin Nele. Sannan ta juyo da abin magana.

"Madam Godelieve, ba za mu takura miki ba. Kalma ɗaya kawai. Me kike gani in kin kalli wannan tabo?"

Tsohuwar ta karɓi abin maganar da hannu biyu. Ta dubi jama'a, ta dubi ɗan jaridar da alƙalaminsa a sama, ta dubi sunan 'yarta a jikin bango.

"Hannun uwata ne," in ji ta. "Sunanta Mbombo."

Aka yi tafi. Wata mata ta fashe da kuka. Ɗan jaridar ya zo ya riƙe hannun Nele ya ce ya yi mata rashin adalci a baya, gobe zai gyara.

Bakwai da rabi Godelieve ta ce ƙafarta na ciwo, za ta bi jirgin takwas. Nele ta raka ta. Rana ba ta gama faɗuwa ba. Suka taka zuwa tasha. A bakin jirgin Nele ta kasa daurewa.

"Mama, kuskure ne. Na haɗa ta da wasu kaya, mai wanki ya..."

"Da safe da na kira ki, an riga an wanke?"

"E."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da kin faɗa min a lokacin, da na yi kukana a kujerar mai gyaran gashi, na share hawaye na hau jirgi. Tsumma ne, Nele. Na san wata rana zai tafi. Amma yau ne karo na farko da na faɗi sunan uwata a gaban mutane. Shekara sittin da biyar ina ajiye da shi. Kika sa na faɗe shi a kan ƙarya."

"Zan gaya musu. Gobe da safe zan je..."

"Ba za ki je ba. Na riga na rantse miki a gaban mutum ɗari biyu, yanzu kuma ki mai da ni maƙaryaciya?" Ta gyara jakarta. "Ki riƙe rigar. Hannunki ne a jiki, taki ce."

Aka busa usur. Godelieve ta sa ƙafa ɗaya a matakala, ta juyo ta miƙo tafinta a buɗe.

"Makullin gidana."

"Mama..."

"Ranar Lahadi kada ki zo. In na shirya zan kira ki."

Tun ranar da ta bar gida tana da shekara goma sha tara makullin nan ke cikin zoben makullanta, ƙarfen ya riga ya kama. Nele ta sa farce tana ɓamɓara, farcen mai ruwan lemo ya karye, ta sake da wani. Uwarta tana tsaye da hannu a miƙe, ba ta taimaka ba, ba ta kuma janye ba, har makullin ya fita.