Igiyar Inna Hussaina

Da gudu Sakinatu ta fito daga gidan, mayafinta na neman faɗuwa, ta tarar da abokan aikinta a gindin darbejiya suna loda kaya a mota.

"Farfesa! Don Allah kar a tayar da motar nan!"

Farfesa Ladan, shugaban tawagar, ya juyo yana share zufa. Sati uku ke nan suna zagaya unguwannin Dundaye: shi masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, Dakta Siddiƙu masanin yanayi, Injiniya Jelani da na'urorinsa, sai ita da aka ɗauko don zantawa da jama'a. Aikinsu su gano inda ruwa ya fi ja da baya, don can za a fara haƙa rijiyoyin burtsatse. To, wannan unguwa ba ta da wani tsohon awo a rubuce, Farfesa kuwa ya riga ya yanke: in babu hujja, babu sunanta a rahoton da za a miƙa gobe. Abin haushin ma, sabuwar rijiyar masallaci kaɗai mazan suka auna, tunda gidan matan aure ba a shiga. Ita ma sallama kawai ta shiga yi wa tsohuwar gidan, idonta ya faɗa kan abin.

"Akwai hujja," ta ce tana haki. "Ta shekara ashirin da wani abu! Wallahi tana rataye a jikin rumbu!"

Kafin su ce wani abu ta koma, sai ga ta da tsohuwar gidan, Inna Hussaina, suna jan wata doguwar igiyar guga, an ɗaure ta da ƙyallaye kala-kala.

"Kowace bazara, in ruwan rijiya ya gama ja da baya, sai in zura guga," in ji Inna. "Da ya taɓa ruwa, inda igiya ta tsaya bakin rijiya, nan nika ɗaura ƙyalle, don in san ko lokacin kiran masu yasar rijiya ya yi."

"Igiyar ba ta tsufa?" Jelani ya tambaya.

"In ta tsufa a sawo wata, in jera su ƙasa, in mai da kowane ƙyalle wurinshi. Mi ag da wuya?"

Dakta Siddiƙu ya tsuguna yana duba ƙyallayen. Can sai ya girgiza kai. "Kash! Awo babu shekara ai labari ne. Wa zai ce mana wannan na yaushe ne?"

Dariya ta ƙwace wa Sakinatu. "Haba Dakta, kai duk atamfa ɗaya ce a wurinka! Kowanne daga ɗinkin shekararsa aka yanko shi."

Nan take aka aika maƙwabta. Tsofaffi suka fito, matan aure suka taru a bayan zana, Sakinatu na ɗaga musu ƙyalle ɗaya-ɗaya.

"Wanga shuɗi mai ganye ankon bikin Jannatu ne!" wata ta ƙwalla. "Shekarar da babbar ambaliya ta cinye shinkafar fadama!"

"Na san shekarar!" Dakta ya yi wuf ya rubuta.

"Ja mai tauraro kuwa na sunan Salihu ne."

"Ƙarya kike, Shamsiyya, na sunan ƙanwarsa ne!"

Gardama ta kaure, sai da aka binciko katin asibitin haihuwa aka raba su. Farfesa guda, da babbar rigarsa, ya durƙusa a ƙasa riƙe da abin awo yana kiran lambobi, Jelani na ɗaukar hoto yana ta "Ikon Allah!" Ƙyallayen da ke kusa da guga, wato na shekarun farko, tsakaninsu bai wuce yatsa uku ba. Ana matsowa ya zama taƙi, na baya-bayan nan kuwa kamu guda har da ɗori. Murna ta cika Sakinatu har ta ji ƙwalla.

"Malama Sakinatu," Farfesa ya ce ba tare da ya ɗago ba, "sa sunan unguwar nan a sama. A saman duka."

Guɗa ta tashi daga bayan zana.

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya rusuna wa tsohuwar. "Inna, a ara mana igiyar nan mu kai ofis a gani. Kafin la'asar za a maido miki, kar mu hana ku ɗibar ruwa. Amma ban ga ƙyallen bana ba."

Inna Hussaina ta naɗe igiyar a hankali, ta ɗora masa a hannu.

"Ku tafi da ita, ɗana, ba sai kun yi gaggawa ba. Bana ban ɗaura ba. Tun kafin azumi babu ruwa, laka guga ka tarowa."