Bishiyoyin Athol a Bakin Filin Jirgi

...kuma ai ba ita ta ce a sayo tsofaffin jiragen ba. Jiragen koyo, ragowar yaƙi, katako da ƙyalle — soja sun gama tatsar su, yanzu samarin gari ke koyon tuƙi da su a filin da ya yi iyaka da gonarta. To Merle meye laifinta? Bishiyoyin fa?

Zarto na zuwa, yana komawa a gindin bishiya. Clarrie, ƙanin mijinta, ke riƙe da ɗaya bakin.

"Ja mana, matar yaya! Ko shayin safe bai sauka ba?"

"Rufe min baki, kai da ko shinge ba ka iya ɗaurewa."

Mijinta Athol ne ya dasa su, jeri guda, kafin a tafi da shi yaƙi. Bishiyoyin turare, wai su tare wa alkama iska... Bai dawo ba. Ko kabari babu. Su kaɗai ya bar mata.

Sai yaron nan Lindsay, ɗan mai burodi, kunnuwa fato-fato. Tana shanya ta ji injin jirginsa ya yi tari, ya yi tsit — wayyo, wannan shirun! Daga baya malaminsu ya zo, hula a hannu, bai roƙe ta komai ba. Cewa kawai ya yi, in inji ya mutu ana cikin tashi ba a juyawa, miƙewa ake yi a sauka kan duk abin da ke gaba. Yaron ya san haka sarai. Amma ya duba gabansa, bishiyoyi... ya juya. Jirgin ya kife da shi, ko shurawa bai yi ba.

Ta ji haushin malamin, har ga Allah. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa.

Athol, ka yi haƙuri. Kai da ko ɗan tunkiya ne ya maƙale a wayar shinge sai ka bar abinci ka fita... da kana nan ai da tuni ka ɗauko gatari. Ko ba haka ba?

Bishiyar ta fara karkata... ta tafi, rim! Ƙamshin ganye ya cika wurin. Merle na jiran kuka ya zo mata, shiru. Haske ne ya shigo ta gurbin, ya kwanta kan alkama — shimfiɗe, ko dutse babu. Mutum zai iya sauka a nan, ya kakkaɓe wando, ya tafi gida wurin uwarsa.

Can an murza farfela, wani injin ya kama. Yau kuma ɗan waye? Ga sauran bishiyoyin tsaye, tafin hannunta duk bororo.

"Mu ɗan huta, matar yaya?"

"Wane hutu... kama, Clarrie. Kama zarton kafin jirgin ya taso."