Ruwan Toilette

Mudi ya daɗe tsaye a shagon turaren Bakari a New Bell, kwalba biyu a gabansa, ya kasa zaɓa. Wata takwas ke nan da zuwansa Douala daga Zariya, yana sayar da albasa a kasuwar Sandaga, kuma yau ne zai kai wa Khaulat kyautarsa ta farko. 'Yar boko ce, ƙawayenta kuwa har ledar da aka sako kyauta sai sun duba. In ta karɓa magana ta zauna, in ta mayar ya koma wa albasarsa.

Duka biyun banila ne, masu zaƙi da laushi. Na farko kamar kek ɗin biki. Na biyu ya fi sanyi, kamar hodar jarirai da aka ɗiga wa madara, kuma shi ya kwanta masa a rai.

Sai ga Baba Wakili, wanda ya shekara talatin a garin, Faransancinsa duk na faɗa da masu babur ne. Ya ɗauki kwalba ta biyun, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta.

"Innalillahi! Eau de toilette! Ɗana, me ake kira toilette a garin nan?"

"Bayan gida, Baba."

"To, eau kuma ruwa ne. Haɗa da kanka."

"Haba Baba," in ji Bakari, "haka kawai suke rubutawa, kar ka kashe mini ciniki."

"Da ba su rubuta ba, da kai ka faɗa?"

Nan take 'yan bencin ƙofar shagon suka rabu biyu kan ko sallar wanda ya fesa ta yi. Wani ya ce Mudi ya je ya sake alwala, tunda ya gwada a hannunsa. Mudi ya shinshina bayan hannunsa a ɓoye. Wallahi daɗi. Ya sayi na biyun, ya koma bayan shago, ya sa wuƙar albasa ya kankare kalmar toilette tas.

Bayan la'asar ya miƙa wa Khaulat a ƙofar gidansu. Ta juya kwalbar, ta ga tabon.

"Malam Mudi, jabu ka kawo mini? Wa ya ci sunan?"

Ya nemi ƙarya. Ƙarya ba ta zo ba, sai ya faɗi gaskiya, har da batun alwalar.

Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta fesa a gyalenta, ta lumshe ido.

"Hancinka ya fi Faransancin Baba Wakili. Na karɓa. Amma ranar Asabar ƙawayena za su zo, da bakinka za ka maimaita musu."

"Duka?"

"Tun daga eau."