Tankin Hajiya

Gora na fara gani tana lilo ta saman katangarmu, tana kakkaɓo ganyen zogalena. Na ajiye tsintsiya, na lallaɓa na cafke bakinta. Daga bayan katanga aka ja, ni ma na ja, sai na ji wannan tarin da duk layinmu ya sani.

"Malam Malachi, da girmanka?"

"Hajiya Hafsatu, kayanki ne zan kai wa kifinki. Ina satar take a nan?"

Na sakar masa gorar ina dariya, na ce ya bar mini ko na kwaɗo ɗaya.

Malam Malachi mutumin Wusasa ne, tsohon malamin aikin gona da ya ƙare ƙuruciyarsa a makarantun Kano. Katanga ɗaya ta raba mu da shi da matarsa Lai'atu a Nassarawa, cikin tsofaffin gidajen nan na Turawa masu ƙaton fili a baya. Da ya yi ritaya, maimakon ya shuka fulawa kamar sauran mutane, sai ya gina tankunan siminti ya zuba tarwada. Abincin kifi na buhu da ake shigowa da shi ya fi ƙarfin ɗan fansho, don haka ya koma haɗa nasa. Yakan karɓo jini daga kwata, ya dafa, ya shanya a kan tsohon kwanon rufi, kuma yana da wani rami a lungu inda yake kiwon tsutsa da kashin kaji. Kifin kuwa suka yi ɓul-ɓul. Maigidana Alhaji Falalu har siɗe yatsu yake yi.

Ni dai tun ranar da karambani ya sa na taka turmi na leƙa na ga shanyar nan, na rufe bakina da kifinsa. Ni mai ƙyanƙyami ce, ban taɓa ɓoyewa ba. Shinkafarsu ta Kirsimeti na ci, zoɓon Lai'atu na sha, amma in aka aiko da tarwada sai in yi godiya in tura wa Alhaji kwanon. Malam ya sani, kuma abin yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, komai sai an kai gaban malamai, har abin da mutum ya daɗe yana ci. Alhaji ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce in an killace kifin 'yan kwanaki ana ba su abinci mai tsabta, ya ci abinsa hankali kwance. Malam Malachi ya zo mini da labarin yana washe baki kamar shi aka yi wa fatawar. Na ce masa ni ba liman ne ya hana ni ba, zuciyata ce, ita kuwa ba ta jin wa'azi.  Sai ya ce zai yi mini kifin da bai taɓa ɗanɗana jini ko tsutsa ba tun yana kamar allura, kuma sai ya ga na ci da idonsa.

Na ɗauka wasa ne. Kafin sati ya zagayo ya wanke tanki guda da soso da sabulu, ya raɗa masa suna tankin Hajiya.

Nan wahala ta fara, tasa da tamu. Ya haɗa tunkuza da dusar masara, abincin ya nutse ya ruɓar da ruwan, kifin zubin farko duk suka juya ciki sama. Ya ƙara waken suya, suka ƙi girma, sai kai kamar na ludayi, har ya yarda cewa gashin da yake yi wa waken bai isa ba. Daga nan kaskon suyar Lai'atu ya zama nasa, injin niƙa namanta ma haka. Yakan dama garin da kokon rogo, ya murza ya fito zara-zara kamar taliya, ya shanya a tabarma. In ruwan farko ya sauka, sai ka gan shi da baho a ƙarƙashin fitilar ƙofar gida yana tara shinge, ƙwarin nan masu fiffike, dattijo guda, masu motoci na wucewa suna rage gudu. Ya zo ya tambaye ni ko shinge ya halatta a tankina. Na ce shinge ai ni ma na ci shi ina yarinya, ya wuce.

A lokacin mutanen cocinsu da yawa sun fara kwashe kaya, kowa da abin da ya ji a gari. Ɗansu Calvin, wanda ke aiki a Kaduna, ya yi ta bugo waya cewa su koma gida Wusasa. Malam ya ce masa yana da aikin da bai gama ba. Lai'atu ta zo ta same ni a kicin ta ce, in don Allah ne in ci kifin nan ko ta huta, ta gaji da dafa miya a tukunya mai warin wake.

Zubi na uku ne ya kama. Suna girma, amma a hankali ƙwarai, ba kamar 'yan'uwansu masu shan jini ba. Kullum da hantsi zai kira ni ta katanga ya ba ni rahoto, ni kuma in ce sannu ba ta hana zuwa. Ban lura da wuri ba cewa muryar tana raguwa. Ƙafafunsa suka fara kumbura, aka ce ƙoda ce. Aka yi ta asibiti, aka dawo. Ranar satar zogalen nan ita ce ta ƙarshe da ya iya ɗaga gora.

Da ya kwanta, Lai'atu ce ke watsa abincin, shi kuma yana ba da umarni daga taga. Wata Alhamis ta shigo idonta jawur, ta ce Calvin zai zo ranar Asabar ya ɗauke su, likita ya ce a kai shi cikin dangi. Ta ce ta roƙi Malam a kamo kifin, ya hana. Wai ba su kai ba, ba zai ba Hajiya 'yan tsaki ta raina shi ba.

Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa. Na yafa mayafi na ce ta ɗauko raga. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: mafi girmansu da kaɗan ya wuce tafin hannuna. Muka kamo biyu. Ni na wanke su da toka da lemon tsami, ni na yi farfesun a kicin ɗin Lai'atu, na sa masoro da daddawa yadda nake so.

Yana jingine da filo lokacin da na yi sallama. Ya rame har tabarau ya yi masa yawa. Ya dubi farantin, ya dube ni, ya ɓata rai.

"Wa ya ba ku izini? Da kin bari sun ƙara ko wata biyu."

"Kifina ne, Malam. Kai ka faɗa."

Na ja kujera kusa da gadon, na yi bisimilla. Gaskiya a loma ta farko maƙogwarona ya so ya yi gardama, don ya tuna abin da na hango daga kan turmi. Na haɗiye. Naman yana da tauri kaɗan, mai daɗi, babu ƙarni. Na ci gaba da ci, shi kuma yana bin hannuna da ido daga faranti zuwa baki, bakinsa na motsi. An hana shi gishiri, ko romon bai iya kurɓa ba.

"Yaya?" in ji shi.

"Zogalena ne ya gyara shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Lai'atu ta tallabo kansa ta ba shi ruwa. Da ya lafa sai ya ce kan fa, ai a kai daɗin tarwada yake. Na fasa kan na tsotse shi tas, na ɗaga masa ya gani. Ya lumshe ido, ya ce to madalla. Na so in gode masa yadda ya kamata, na kasa, don kuka ne ya taso mini. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na fito.

Bai kai Asabar ɗin ba. Washegari, ana shirin tafiya masallacin Juma'a, na ji muryar Lai'atu ta katanga, na san ta faru. Na shiga na same ta zaune a bakin gado, ta rufe shi da farin zanen gado har kai. Na riƙe ta muka yi kuka tare. Na yi rashin maƙwabci, kuma har yau ban sami kamarsa ba.

Da na ɗago sai na ga farantina na jiya a kan kujera, inda na bar shi. Na miƙa hannu zan ɗauke, Lai'atu ta riƙe ni. Ta ce tun jiya ya hana a taɓa shi, wai sai Calvin ya zo ya gani da idonsa.

Muka bar shi a nan. Ƙaya biyu ne a jere a gefe, da fasasshen kai, romon ya bushe a gindin farantin.