Gishirin da ke Gumin Kausar

Ranar da muka je gwajin gumi, kwana goma sha ɗaya ke nan da aka raba ni da 'yata. Ba wani gari aka kai ta ba, tana nan cikin gidanmu na unguwar Ridina a Njamaina, goye a bayan Gwaggo. Ina jin kukanta, ina jin tarinta, amma ba ni da ikon ɗaga riga in ba ta nono. Sunanta Kausar, watanta huɗu a duniya.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma ita ta haifi mijina Ghali, mai sayar da nama a kasuwa. Kada wani ya ɗauka muguwa ce. Ita ta yi mini wankan jego da hannunta sau biyu, ita ta wanke ɗana na fari ranar da ya rasu. Faruk sunansa. Da yana raye kunyar ɗan fari ba ta bar ni na kira sunan ba ko sau ɗaya, yanzu kuwa ina faɗinsa son raina. Shi ma haka ya yi: tari mai kauri da ba ya jin magani, kashi mai maiƙo da wari, ga ci kamar me amma jiki ba ya kamawa. A lokacin tsofaffi suka ce nonona ne. Aka yaye shi yana wata biyar, ya rasu yana wata tara.

Da Kausar ta fara irin wannan tari, Gwaggo ba ta jira shawarar kowa ba. Ta sa na tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa a gindin bango ta jefa ciki, matan gida suka zagaye mu. In tururuwar ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu, akwai dafi. Ta ɗan yi mutsu-mutsu, ta kwanta. Na so in tambaye su wace tururuwa ce aka taɓa koya wa iyo, amma na fasa, domin wallahi ni ma a raina na yarda. Uwar da ta binne ɗa guda ba ta da bakin musu. A ranar Gwaggo ta ɗauke yarinyar ta koma ba ta madarar gwangwani.

Ni kuwa kullum da hantsi da la'asar sai in shiga bayan ɗaki in tatse in zubar a rariya, don kada ya ƙafe. Da farko yakan cika kofi. Zuwa kwana na goma ko rabin ludayi ba na samu. Na san idan aka ƙara mako guda, ko an ce in ba ta, babu abin da zan ba ta.

Kafin nan mun sha yawon asibiti. An ce sanyin haƙarƙari, an yi allurai. An ce tarin fuka, aka gwada ba shi ba ne. Daga ƙarshe aka tura mu wurin wata likitar yara, Dokta Khalida, 'yar siririya mai tabarau, da Larabcinmu na Chadi take magana a hankali kamar mai tsoron tada barci. Ta saurari ƙirjin yarinyar, ta tambayi kashinta, ta tambayi labarin Faruk har sai da na yi kuka. Sannan ta yi mini wata tambaya da ba wanda ya taɓa yi mini.

"Idan kin sumbaci goshinta, me kike ji a bakinki?"

Na ce gishiri. Na ce to ai bazara ce, a zafin Njamaina wa ya rasa gishiri a jiki? Ta ce ko ya fi na sauran yara? Sai na tuna zanen goyo, yadda yakan bushe da wani farin layi a daidai inda kanta ke kwanciya. Na tuna hular Faruk ma haka take yi. Matar nan ba ta taɓa shiga gidanmu ba, ga shi tana ba ni labarin zanen goyona.

Ta ce akwai wani ciwo da ake haihuwar yaro da shi, da Faransanci mukobisidos, ba a cika neman sa a ƙasashenmu ba saboda an ɗauka na Turawa ne. Majinar jikin yaro takan yi kauri ta toshe huhu, ta toshe hanyar da ruwan narkar da abinci ke bi zuwa hanji. Ba ta ce shi ne ba, ta ce a gwada tukuna, kuma abin da za a gwada gumi ne. Ghali ya yi dariya ya ce in dai gumi ne ya kawo mata bokiti daga mahauta. Ta ba mu ranar Laraba da safe, ta ja kunne kada a shafa wa yarinyar mai.

Ranar Laraba Gwaggo ta fito da ita tana sheƙi tun daga wuya har ƙafa, an mulke ta da man alayyadi. Wai za a kai jikarta gaban mutane a bushe kamar ba ta da dangi? A asibitin ma'aikaciyar ɗakin awo ta dubi hannun yarinyar, ta dube mu, ta ɗauko ruwa da auduga ta yi ta wanki har sau uku. Gwaggo tana ta gunaguni cewa mai mai tsada ne.

Na zaci za a rufe ta da bargo ko a sa ta a rana. Ina! Ɗakin ma da sanyinsa. Aka ɗauko wasu 'yan faifai biyu masu laushi, kowanne bai wuce kwabo ba, aka ɗaura su a cikin hannunta tsakanin wuyan hannu da gwiwa, aka haɗa da waya zuwa wani ɗan akwati. Da Gwaggo ta ji an ce wuta, ta miƙe tsaye za ta ƙwace jikarta. Ma'aikaciyar ta ce wutar ba ta kai ta ɗan batir ba, aikinta kawai ta tura magani cikin fata ya tada gumi, kuma minti biyar ne. Ta ɗora wa Gwaggo a nata hannun ta ji. Gwaggo ta ce kamar tafiyar kiyashi, ta koma ta zauna. Kausar ko motsi ba ta yi ba, tana kallon fanka.

Da aka cire, wurin ya yi ja kaɗan. Aka goge, aka ɗaura wani abu kamar agogo, a cikinsa akwai siririn bututu a nannaɗe kamar maganin sauro na kunnawa, amma sirantarsa kamar zare. Aka yi wa ɗaya hannun haka nan. Aka ce mu jira rabin awa.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma har in mutu ba zan manta ba. Da farko babu komai. Can sai wani ɗigo shuɗi ya bayyana a tsakiya. Ma'aikaciyar ta ce shuɗin bula ne aka sa don ido ya gani, amma ruwan na Kausar ne. Ɗigon ya fara tafiya. A hankali, a hankali, ya bi bututun ya zagaya sau ɗaya, ya kama zagaye na biyu. Duk jikin yarinyar a bushe, sai wannan wuri da bai fi kan babban yatsa ba aka ce masa ya yi gumi, ya kuma yi. Ni da Gwaggo muka sunkuya a kansa, kawunanmu har suna haɗuwa, mun manta ba ma shiri. Ina jin ta tana ta subhanallah ƙasa-ƙasa. Ni ma abin da nake faɗi ke nan. Shekara uku ina tambayar Allah abin da ya kashe ɗana, ashe amsar tana fita ta fatar ƙanwarsa kullum, ina wanke ta da sabulu.

Duk abin da aka tara bai kai hawaye ɗaya ba. Na tambaya ko zai isa, aka ce har ya yi yawa. Aka ce mu dawo bayan azahar.

Ba mu koma gida ba, a inuwar wata darbejiya muka zauna. Gwaggo ta haɗa madara a kwalba ta ba yarinyar, ta sha ta amayar da rabi. Ni kuwa ƙirjina shiru, ko 'yar tsiyayar nan da nakan ji idan ta yi kuka babu. Tsoro biyu ne suka kama ni. Ina tsoron a ce tana da ciwon, ina kuma tsoron a ce ba ta da shi, domin in ba shi ba ne, to ni ce. Allah ya yafe mini, ban san wanne nake roƙo ba.

Ghali ya rufe tebur da wuri ya iso da ƙanshin nama a rigarsa. Dokta Khalida ta zaunar da mu uku ta juyo mana da takarda. Ta ce gishirin gumi ana auna shi da lamba. Ƙasa da talatin, hankali ya kwanta. Daga sittin zuwa sama, ciwon ne. Hannun dama na Kausar casa'in da huɗu, na hagu casa'in da bakwai. Ta ce za a sake gwadawa wata rana don tabbaci, za a kuma aika jini ƙasar waje, amma ba za ta yaudare mu ba, ita a wurinta an gano.

Ta yi bayani ba gaggawa. A fatar kowa, in gumi zai fito, akwai wasu ƙofofi da ido ba ya gani masu mayar da gishirin cikin jiki. Na Kausar ba sa aiki, shi ya sa gishirinta ke zubewa waje, kuma irin ƙofofin nan ne a huhu da ciki. Ciwon ba ya warkewa. Amma akwai ƙwayoyin da za a riƙa ba ta kafin kowane ci don abinci ya zauna, za a ƙara mata gishiri musamman lokacin zafi, za a koya mini yadda zan riƙa bubbuga mata ƙirji safe da yamma. Ta ce hanya ce mai tsawo kuma mai wuya. Ghali ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa tana rawa.

Ni tambaya ɗaya ce a bakina, na kasa fitar da ita. Gwaggo ce ta yi ta.

"Likita, nonon uwar fa?"

"Me ya sami nonon?"

Gwaggo ta ba ta labarin ludayi, ba ta rage komai ba. Likitar ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ciwon ba ya shiga ta baki. Gado ne, tun ranar da aka samu cikin yake. Sai uwa tana ɗauke da rabi, uba yana ɗauke da rabi, dukansu lafiya lau ba su sani ba, in rabi ya gamu da rabi sai ya fito a jikin yaro. Kowane ciki, ɗaya cikin huɗu. Ta ce nonon uwa kuwa, a duk abin da za a ba yarinya irin wannan babu kamarsa, har kariya yake ba huhunta.

Gwaggo 'yar dillalin shanu ce, a cikin garke ta girma kafin a kawo ta birni. Ba sai an maimaita mata maganar iri ba. Na ga tana lissafi da ido, ta dubi Ghali, ta dube ni. Ta ce idan ɗanta yana da rabi, 'yar ƙaninta tana da rabi, to ai daga gida ɗaya aka ɗebo. Likitar ta ce mai yiwuwa ne, amma ba laifin kowa ba ne, kakanni da yawa sun ɗauke shi sun wuce ba su sani ba.

"Ashe ina ciki," in ji Gwaggo. "Ni na ba shi, na zo ina gwada nonon wata."

Ban ji daɗi ba, wallahi ban ji ba. Na sha kwatanta ranar da za a wanke ni daga zargi, na ɗauka zan yi guɗa. Sai ga shi abin da na gani tsohuwa ce ta tsufa a gabana cikin minti ɗaya.

Ta miƙe ta kwance goyon. Ghali ya tallafa mata. Ta ɗora mini Kausar a cinya, ta gyara mini mayafi da kanta, abin da ba ta yi ba tun ina amarya.

"Zaliha, ba ta."

Na ce mata ina jin ya ƙafe. Ta ce in ba ta dai.

Yarinyar ta saba da kwalba. Ta kama ta saki, ta juya kai, ta fara kuka. Na sake sa mata, ta ja sau biyu ta saki, babu komai. Likitar ta ce kada in damu, yakan dawo in an daure, wani lokaci sai an yi kwanaki. Ban saurare ta ba. Gwaggo ta durƙusa a ƙasan ofishin, duk da ciwon gwiwar da take fama da shi, ta tallafi ƙeyar jikarta da tafin hannu ta riƙe ta a jikina, tana ce mata haba uwata, haba, yi haƙuri ki ja. Kausar ta kama a karo na uku. Ta ja, ta ja, ta tsaya ta yi tari, ta koma. Ina kallon bango ina ƙirga numfashina.

Can na ji wani zafi ya taso mini daga hammata ya gangaro. Kukan ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit har muka ji ƙarar haɗiyarta ta farko.